Sanƙo da Magungunansa: Amfaninsu da Haɗarinsu

Gabatarwa

A kasuwannin ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Watari, cikin Ƙaramar Hukumar Bagwai, ba a rasa mai tallar magani da lasifika, yana ɗaga kwalbar man da ya ce zai tsiro da gashi a kan mai sanƙo cikin mako guda. Masu saye kuwa ba tsofaffi kaɗai ba ne, har da samarin da suka lura gaban goshinsu ya fara ja da baya. Wasu na cewa hula ce ke kawo sanƙo, wasu su ce ɗaukar kaya a ka, wasu kuma su ce alamar arziki ce. A wannan maƙala za a duba abin da ilimin halittu ya gano game da sanƙo, da magunguna biyu da gwaji ya tabbatar suna aiki, da iyakar aikin nasu, da kuma illolin da ke tattare da su.

Yadda gashi ke rayuwa

Kan ɗan Adam na ɗauke da silin gashi kimanin 100,000. Kowane sili na fitowa ne daga wani ɗan rami a cikin fata, wanda za a kira shi tushen gashi. Silin da ido ke gani matacce ne, shi ya sa aski ba ya zafi, kuma askar wanzami ba ta ƙara wa gashi kauri ko yawa. Rai yana can cikin tushe.

Kowane tushe na bin zango uku. Na farko zangon girma, mai ɗaukar shekara 2 zuwa 6, inda gashi ke ƙara tsawon kusan santimita ɗaya a wata. Na biyu zangon tsayawa, na mako 2 zuwa 3. Na uku zangon hutu, na kimanin wata 3, wanda a ƙarshensa tsohon sili ke faɗuwa, sabo ya maye gurbinsa. Saboda haka zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne.

Abin da ke kawo sanƙo

Fiye da shekara 2,000 da suka wuce, masanin ƙasar Girka Aristotil ya lura cewa babanni, wato mazan da aka dandaƙe, ba sa yin sanƙo. A shekarar 1942 wani masani ɗan Amurka, James Hamilton, ya binciko dalili. Ya ga mazan da suka rasa 'ya'yan marainansu kafin balaga ba sa yin sanƙo, amma da aka riƙa yi musu allurar testosteron, wato sinadarin da ke kawo siffofin namiji, sai sanƙo ya bayyana ga waɗanda akwai shi a danginsu. Ke nan abu biyu ne ke haɗuwa: gado da sinadarin maza.

Daga baya aka gane cewa wani inzayim da ke cikin fata yana juya testosteron zuwa wani sinadari mafi ƙarfi da ake kira DHT. Ga wanda ya gaji sanƙo, tushen gashin gaban goshi da na tsakar kai ba sa jure wa DHT. Zangon girmansu yana ta gajarcewa, tushen yana ƙanƙancewa, kowane sabon sili ya fito siriri fiye da na baya, har ya koma kamar gashin jariri. Gashin ƙeya da na gefen kunnuwa ba su da wannan rauni, shi ya sa suke saura. Gadon yana zuwa ta wajen uwa da ta wajen uba, domin wani bincike da aka yi a Birtaniya, aka buga a 2017, ya gano wurare fiye da 250 a cikin ƙwayoyin gado masu alaƙa da sanƙo. Hula ko gammo ba sa taɓa wannan tsari.

Ba kowace zubar gashi ce sanƙo ba

Kafin a yi maganar magani, dole a tantance ciwon. Makero, wanda ya yawaita a makarantun firamare da na allo, naman gwari ne ke kawo shi, yana yaɗuwa ta aska da mataji, kuma maganinsa na sha ne na tsawon makonni. Akwai zubar gashi da ke biyo bayan zazzaɓi mai tsanani, ko haihuwa, ko ƙarancin jini, wadda takan fara bayan wata 2 zuwa 3, kuma takan warke da kanta idan an kawar da sanadin. Akwai wadda garkuwar jiki ke afka wa tushen gashi, ta bar fili sumul mai kama da kwabo. Akwai kuma wadda matsattsen kitso ke jawo wa mata a gaban goshi. Kowace da nata magani. Wanda ya shafa maganin sanƙo a kan makero ya yi asarar kuɗinsa, ciwon kuma na ci gaba da ci.

Magani na farko: minoksidil

Asalin minoksidil maganin hawan jini ne, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1979. Likitoci suka lura masu shan sa suna tsirar gashi a fuska da jiki. Sai kamfanin Upjohn ya mai da shi ruwan shafawa a ka, aka amince da mai ƙarfin kashi 2 cikin 100 a 1988 da sunan Rogaine, sannan mai ƙarfin kashi 5 ya biyo baya a 1997.

Minoksidil yana buɗe ƙananan hanyoyin jini, yana kuma tsawaita zangon girman gashi, amma bai taɓa DHT ba. Ana shafa mililita ɗaya sau biyu a rana a busasshen kai. Ba a ganin canji sai bayan wata 3 zuwa 6, kuma a makonnin farko zubar gashi takan ƙaru kafin ta lafa. A wani gwaji da aka buga a 2002, wanda aka yi da maza 393 na tsawon mako 48, mai ƙarfin kashi 5 ya fi mai kashi 2 tsirar da gashi. Duk da haka ba kowa yake yi wa aiki ba, domin sai fata ta sarrafa shi kafin ya yi tasiri, kuma fatar mutane ta bambanta a wannan.

Illolin da aka fi gani su ne ƙaiƙayi, da bushewar fatar kai, da fitowar gashi a fuska idan ruwan ya gangaro. Idan an zabga shi da yawa, ko aka shafa a kan rauni, yana iya shiga jini ya kawo jiri da bugun zuciya. Ƙaramin yaro da ya kurɓe shi yana iya shiga mummunan hali, don haka a ajiye shi nesa da yara. A 'yan shekarun nan wasu likitoci na ba da ƙwayar minoksidil ta sha, 'yar kaɗan, don gashi, amma tana iya kawo kumburin ƙafafu da tarar ruwa a kewayen zuciya. Ba ƙwayar da mutum zai saya wa kansa a kemis ba ce.

Magani na biyu: finasterayid

A 1974 wata likita, Julianne Imperato-McGinley, ta ba da rahoton wasu iyalai a Jamhuriyar Dominika da ake haifar 'ya'yansu maza ba tare da inzayim ɗin da ke yin DHT yana aiki ba. An lura ba sa yin sanƙo, kuma furostet ɗinsu, wato ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ƙarami ne. Wannan ya sa kamfanin Merck ya nemo maganin da zai toshe inzayim ɗin. Aka amince da finasterayid mai miligiram 5 a 1992 don kumburin furostet, da sunan Proscar, sannan mai miligiram 1 a 1997 don sanƙo, da sunan Propecia. Ƙwaya ɗaya a rana tana rage DHT na cikin jini da kimanin kashi 60 zuwa 70 cikin 100.

Yadda aka gwada shi darasi ne ga ɗalibin kimiyya. An tara maza 1,553 masu shekara 18 zuwa 41, aka kasa su biyu. Kashi ɗaya aka ba su maganin, ɗayan aka ba su ƙwayar fanko mai kama da shi, wadda babu magani a cikinta, kuma daga masu sha har likitocin da ke duba su babu wanda ya san wa ke shan wanne. Aka riƙa ƙirga gashi a wani keɓaɓɓen wuri a tsakar kai. Bayan shekara 2, kashi 83 cikin 100 na masu shan maganin gashinsu bai ragu ba, alhali cikin masu shan fanko kashi 28 ne kawai. Ba don rukuni na biyu ba, da babu yadda za a san ko maganin ne ya yi aikin.

Gwaje-gwajen sun kuma nuna illa. Kashi 3.8 cikin 100 na masu shan maganin sun koka da raguwar sha'awa, ko raunin gaba, ko matsalar maniyyi, masu shan fanko kuwa kashi 2.1. Ga mafi yawa matsalar ta gushe bayan sun daina, amma a 2012 hukumar Amurka ta sa a rubuta a takardar maganin cewa wasu sun ci gaba da fama da ita bayan dainawa. A 2025 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta tabbatar cewa tunanin kashe kai na cikin illolinsa, ta shawarci mai shan sa don sanƙo ya daina, ya ga likita, da zarar ya ji baƙin ciki marar dalili ya lulluɓe shi. Har ila yau, maganin yana rage awon PSA, wanda ake neman sankarar furostet da shi, da kusan rabi, don haka wajibi ne mai sha ya sanar da likitan da zai yi masa gwajin. Mace mai ciki kuwa kada ta sha shi, kada ma ta taɓa fasasshiyar ƙwaya, domin yana iya lalata halittar al'aurar ɗa namijin da ke cikinta.

Akwai ɗan'uwansa mafi ƙarfi, dutasterayid, wanda Koriya ta Kudu ta amince da shi don sanƙo a 2009, Japan kuma a 2015. Illolinsu iri ɗaya ne, sai dai shi yakan daɗe a jiki.

Iyakar aikin magungunan

Manomin rani a Watari ya san cewa shinkafa da tumatir ɗinsa suna kore ne muddin ana sako ruwa daga madatsa. Ranar da aka rufe ƙofa, gona za ta koma yadda kaka ta bar ta. Haka waɗannan magunguna suke. Wanda ya daina minoksidil yakan rasa gashin da ya samu cikin wata 3 zuwa 4, wanda ya daina finasterayid kuwa cikin kimanin shekara guda. Kuma kamar yadda ban ruwa ba ya fitar da tsiro inda babu iri, magani ba ya raya tushen da ya riga ya mutu. Sun fi amfani a farkon sanƙo, kuma sun fi tasiri a tsakar kai a kan gaban goshi. Don haka mai niyyar farawa ya lissafa kuɗin shekaru, ba na kwalba ɗaya ba.

Man kaɗanya da man shanu suna laushin fata, suna rage karyewar gashi, amma babu gwaji irin wanda aka bayyana a sama da ya nuna suna tsayar da sanƙon gado. Haɗari mafi girma yana ga kwalbar da ba a rubuta abin da ke cikinta ba, da abubuwa masu ƙuna da ake gogawa a ka, domin tabon ƙuna yana kashe tushen gashi har abada.

Kammalawa

Sanƙo ba cuta ce mai taɓa lafiyar jiki ba, kuma wanda ya zaɓi ya bar kansa haka bai rasa komai ba, illa dai ya riƙa sa malfa ko hula a gona saboda rana. Wanda ya damu da shi kuwa, ya fara da ganin likita don a tantance irin zubar gashin. Akwai likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Kada ya sayi maganin da ba shi da lambar rajistar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don sa ido a kan abinci da magunguna. Ɗaliban sakandare su lura cewa duka magungunan biyu ba a yi su don wanda bai kai shekara 18 ba, kuma shafa minoksidil don neman gemu, kamar yadda wasu samari ke yi, ba ya cikin abin da aka amince a yi da shi.

Aiki ga ɗalibai

1. Bayyana dalilin da ya sa gashin ƙeya ke saura a kan mai sanƙo.
2. Mene ne amfanin rukunin masu shan ƙwayar fanko a gwajin magani?
3. Mai talla ya ce mansa yana tsirar da gashi cikin kwana 7. Yi amfani da zangunan rayuwar gashi ka auna maganarsa.
4. Tsara gwajin da za a iya yi don a gane ko man kaɗanya yana rage zubar gashi: su wa za a gwada, me za a ƙirga, kuma har tsawon wane lokaci?