Kafin Ka Sayi Katin Hoto: Yadda Ake Haɗa Kwamfutar Gem a Garin da Wuta Ba Ta Zama

Darasinmu na yau na waɗanda suka gaji da Free Fire da PUBG a kan waya ne, suna son komawa buga gem a kwamfuta. Duk wanda ya fara wannan bincike, tambayarsa ta farko ita ce nawa ake sayar da katin hoto. Tambaya ce mai kyau, amma idan kana zaune a Bodinga ko Shagari ba ita ya kamata ta zo farko ba. Ta farko ita ce: wace irin wuta kake da ita, kuma yaya zafin ɗakinka yake a watan Afirilu? Bidiyoyin YouTube da muke kallo, mafi yawansu an yi su ne a ɗaki mai sanyi, a ƙasashen da ba a san ɗauke wuta ba. Idan ka kwafi jerin kayansu kai tsaye, za ka kashe kuɗi kan ƙarfin da ba za ka taɓa morewa ba.

Mene ne katin hoto?

Shi ne ɓangaren da ke zana duk abin da kake gani a gem, kuma shi ake kira GPU. Wayarka ma tana da shi, sai dai nata a haɗe yake da furosesa cikin ƙwaya ɗaya. A kwamfutar tebur kuwa allo ne mai zaman kansa, da fankarsa da ma'adanarsa, ana soke shi a jikin madabod. Kamfanoni uku ne ke ƙera ƙwayar: Nvidia, AMD da Intel. Sunayen da kake gani a kwali irin su MSI, Asus, Gigabyte, Zotac ko Sapphire, su masu ɗora ƙwayar a kan allo ne da sa mata fanka. RTX 3060 na MSI da na Zotac ƙwaya ɗaya ce, bambancin ƙarfinsu kaɗan ne. Kada wani ya ƙara maka kuɗi mai yawa don suna kawai.

A lambar Nvidia, farkon na nuna zubi, ƙarshen na nuna mataki. A 3060, 30 shi ne zubin, 60 shi ne matakin. Shi ya sa RTX 2080 ya fi RTX 3050 ƙarfi nesa ba kusa ba, duk da lambarsa ta fi ƙanƙanta.

Sai tarkon da ya fi kama mu masu tasowa daga waya. Mun saba auna waya da gig: mai gig 8 ta fi mai gig 4. A katin hoto wannan lissafi bai zauna ba. Akwai tsohon kati mai suna GT 730 da ake sayarwa da gig 4 a rubuce ɓaro-ɓaro a kwali, alhali ko gem ɗin ƙwallo na zamani ba zai ɗauka yadda ya kamata ba. Gig faɗin sito ne kawai, ƙwayar ce ke yin dakon. Haka kuma kamfanonin kan fitar da kati biyu da suna ɗaya: RTX 3060 akwai mai gig 12 akwai mai gig 8, na biyun ya fi rauni. RTX 3050 akwai mai 8 akwai mai 6. GT 1030 akwai mai ma'adanar GDDR5 akwai mai DDR4, kuma na DDR4 ɗin ko kyauta aka ba ka sai ka yi tunani. A kullum ka nemi cikakken suna.

Me ya sa farashin ya zama haka?

Da dala ake sa wa katin hoto farashi. RTX 4060 ya fito a ƙarshen watan Yunin 2023 a kan dala 299. Makonni biyu kafin nan, ranar 14 ga Yuni, Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Kafin ranar, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati; a 2024 ta haura 1,500. Buga lissafin da kanka: dala 299 a kan 460 ta kama naira 137,540, a kan 1,500 kuwa 448,500. Kati ɗaya ne, babu abin da aka ƙara masa. A kan wannan za a ɗora kuɗin jirgi, kuɗin kwastan, ribar ɗan kasuwar Computer Village da ke Ikeja ko Banex a Abuja, sannan kuɗin motar da za ta kawo shi Sakkwato.

Wannan lissafi shi ne ma'auninka. Ka nemo farashin da kamfani ya sa wa katin da dala, ka ninka da canjin ranar. Sabon kati zai ɗara wannan adadi, ba makawa. Amma idan ka ga ana tallan sabo dal a kwali a ƙasa da adadin sosai, to akwai lauje cikin naɗi.

Daga can waje ma abubuwa biyu sun taɓa kasuwar. A 2021 masu haƙar kuɗin kirifto, musamman Ethereum, sun kwashe katuna har RTX 3060 da aka sa wa dala 329 ya gagari samu a wannan kuɗi. Ranar 15 ga Satumban 2022 Ethereum ta daina amfani da tsarin haƙa, sai waɗancan katuna suka kwararo kasuwar na hannu. Da yawa daga cikin RX 580 masu araha da ke yawo daga irin wannan aiki suka yi ritaya. Na biyu shi ne ƙirƙirarriyar basira: Nvidia ta fi samun kuɗi wajen sayar wa manyan cibiyoyin bayanai ƙwaya fiye da sayar wa masu gem, kuma wannan buƙatar ce ta sa farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a ƙarshen 2025.

Fara daga soket

A nan nake son mu daɗe. Kowane kati yana da adadin wat da yake sha idan yana cikin aiki, kuma kamfani na rubuta shi. GTX 1650 na shan wat 75, ba ya ma buƙatar wayar wuta ta daban a mafi yawan nau'o'insa. RTX 4060 na shan 115. GTX 1660 Super 125. RX 6600 132. RTX 3060 170. RX 580 185. RTX 4090 kuwa 450, ƙanensa RTX 5090 575.

Ka duba RX 580 da RTX 4060. Na farkon, wanda ya fito a 2017, ya fi shan wuta da wat 70, kuma 4060 ya ninka shi ƙarfi har da ɗoriya. Mutumin da ke kan wutar Kaduna Electric mai tsayawa ba zai damu ba. Amma mu da rabin gem ɗinmu kan janareta ko sola ake buga shi, wat 70 fetur ne, batir ne.

Ga misali. Batir mai amfiya 200 a kan bolt 12 yana riƙe wat-awa 2,400 a takarda. Idan na ruwa ne ko na jel, ba a so ka zuƙe fiye da rabi, wato 1,200, kuma inbata za ta ci nata kason, a ce saura 1,000. Kwamfuta mai 4060, haɗe da furosesa da monita, mu ƙaddara tana jan wat 250: awa huɗu ke nan. Ka sa mata RX 580 ta koma 320: awa uku da 'yan mintuna. Kusan awa guda ta tafi kowane dare, ba a ma yi maganar fankar ɗaki da cajin wayoyin gida ba. Ƙaramin janaretan Tiger da ke kowane lungu wajen wat 650 yake bayarwa, don haka RTX 5090 shi kaɗai, ba tare da sauran kwamfutar ba, ya kusa cinye shi. Araha ba ta ado: katin da ya fi sauƙin kuɗi ranar saye yana iya zama shi ya fi tsada bayan shekara.

Zafi ma lissafi ne. Masu gwaji a Turai da Amurka suna aunawa a ɗaki mai digiri 21 ko 22. A nan, daga Maris zuwa Mayu, rana kan haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuwa ba a magana. Duk digirin da ɗaki ya ƙara, kusan shi kati zai ƙara. Katin da suka ce yana tsayawa a 68, a ɗakinka zai leƙa 80 da wani abu, kuma katunan Nvidia da yawa suna fara rage gudu da kansu a wajen 83. Ka biya kuɗin ƙarfi, zafi ya karɓe. Saboda haka ka zaɓi mai fanka biyu a kan mai ɗaya, ka ɗauki kesin mai raga a gaba maimakon mai gilashi rufe ruf, fitilu masu launi kuma ka bar wa masu ɗaukar bidiyo. Kada ka ajiye kwamfutar a ƙasa. Lokacin hunturu ƙura na toshe haƙarƙarin sanyaya cikin 'yan makonni, sai ka riƙa hure ta da abin hura iska, kana riƙe fankar da yatsa don kada ta yi ta juyawa a banza.

Sauran kayan

Fawa-fak ne ɓangaren da ake yi wa rowa, kuma shi ne idan ya mutu yake tafiya da maƙwabtansa. Ka nemi na kamfani sananne kamar Corsair, Seasonic ko Cooler Master, mai shaidar 80 Plus. Wat 550 ya ishi duk katunan tsakiya da na ambata. Wanda ba shi da suna, mara nauyi kamar gwangwanin madara amma an rubuta masa wat 700, ka bar shi a shago. Tsakaninsa da bango ka sa sitabilaiza, kuma idan inbata za ka yi amfani da ita, ka tambayi mai sayarwa ko mai tsabtataccen zubin wuta ce irin na NEPA, don fawa-fak na zamani ba ya jituwa da inbata mai arha.

Furosesa ba sai ka wahala ba. Ryzen 5 5600 ko Core i5-12400F sun isa. Harafin F a na Intel na nufin babu katin hoto a cikinsa, ba za ka ga komai a monita ba sai ka sa kati. RAM gig 16, sanda biyu masu gig 8-8 maimakon guda ɗaya. Ma'ajiya SSD, aƙalla gig 512, domin GTA V ko EA Sports FC kowanne na neman wajen gig 100. Wannan kuma ya tuna mini: ka sa kuɗin data cikin kasafinka, saukar da gem guda na iya cinye datar wata.

Monita ita ke yanke hukuncin ƙarshe. Idan taka 1080p ce mai sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, ko talabijin ɗin falo za ka jona, hoto 60 kaɗai za ka gani ko da katin na zana 200.

To wanne zan saya?

Idan kuɗin bai kai ba, akwai hanya biyu. Ta farko, ka haɗa kwamfuta da Ryzen 5 5600G, wanda ke da ɗan katin hoto a cikinsa kuma wat 65 ne. Zai buga GTA V da eFootball idan ka sassauta saiti, daga baya ka tara ka soka kati. Ta biyu, ka sayi kwamfutar ofis ta hannu irin Dell OptiPlex ko HP ProDesk ka sa mata GTX 1650 ko RTX 3050 mai gig 6, tunda ba sa buƙatar ƙarin waya. Ka lura, siraran cikinsu sai gajeren kati ke shiga. Kuma ka nemi mai furosesar Intel zubi na 8 zuwa sama, domin Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar na ƙasa da haka a hukumance.

Mai ɗan ƙarfi, a ganina RX 6600 na hannu ne ya fi dacewa da yankinmu: ya fi RTX 3050 ƙarfi, wutarsa daidai. Mai son sabo ya duba RTX 4060 ko RTX 5060. Intel Arc B580, mai gig 12 a kan dala 249 da ya fito a Disamban 2024, ciniki ne mai kyau a takarda, amma yana shan wat 190 kuma ba ya sakin jiki a tsohuwar madabod. Idan kuma kana so kwamfutar ta nemo kuɗinta, irin tace bidiyon biki, zane da Blender ko koyon ƙirƙirarriyar basira, ni a matsayina na mai rubuta manhaja Nvidia zan ce maka, saboda yawancin waɗannan kayan aiki a kan fasaharta ta CUDA aka gina su. GTX 1060 da danginsa kuwa sun tsufa, Nvidia ta daina yi musu sabbin direbobin gem.

Ranar ciniki

Daga Bodinga ko Shagari, mafi yawanmu ta waya za mu yi ciniki da Legas, Abuja ko Kano, a ɗoro kaya a mota. Wannan cinikin biri a sama ne idan ba ka ɗauki mataki ba. Ka sa mai kaya ya kira ka ta bidiyo, ba ya turo hoto ba. Ya buɗe manhajar GPU-Z ka ga sunan ƙwayar. Tana tona katunan bogi da yawa, irin tsohon GTS 450 da ake sauya wa suna ya koma GTX 1050 Ti. Idan RX 580 ne ka duba adadin ƙananan injinan zanensa: na gaske 2304 ne, wanda ya nuna 2048 kuwa RX 570 ne aka sa wa babbar riga, kuma kuɗin 570 ya kamata ka biya. Sannan ya kunna FurMark na minti goma kana kallo: zafi nawa ya kai, fankokin duka na juyawa, babu ɗige-ɗige ko layuka a hoto? Ya nuna maka lambar da ke bayan katin ka rubuta, don ka tabbatar shi aka turo.

Katin da ya yi aikin haƙa ba lallai ya zama matacce ba. Fanka da man sanyaya ne suka fi gajiya, kuma duka ana canza su da kuɗi kaɗan. Ka nemi kwana bakwai na gwaji a rubuce cikin saƙo, kada ka yarda da alƙawarin baki. Idan kwamfuta haɗaɗɗiya za a turo, ka ce a cire katin a naɗe shi daban, domin nauyinsa da ramukan hanya na iya ɓalla ramin da aka soke shi. Da ya iso, ka gwada shi da tsakar rana a ɗakin da zai zauna, kafin kwana bakwai ɗin su cika.