Kan Harsashin Igwa: Abin da Za Ka Yi da Wanda Ba Za Ka Yi Ba

Kai mai tara kayan tsohon yaƙi, saurara. Ɗan dunƙulen tagullar nan da ake murɗawa a bakin harsashin igwa, shi ke tayar da harsashin, kuma tsufa ba ya kashe shi. An gama Yaƙin Duniya na Farko a 1918, amma har gobe manoman Faransa da Beljiyam suna tono waɗanda ba su fashe ba. A 2014 ɗaya ya hallaka ma'aikata biyu a Ypres ta Beljiyam.

Abin da za ka yi

1. Sayi wanda ƙwararre ya shaida a rubuce cewa an kwashe cikinsa. Rantsuwar dillali ba shaida ba ce.
2. Koyi karanta rubutun jikinsa. Na Ingila lamba yake ɗauka: 80 mai lokaci da bugu ne, 106 yana tashi da zarar ya taɓa ƙasa, ƴar kibiya kuwa alamar kayan gwamnati ce. Na Jamus mai Dopp. Z. aiki biyu gare shi, lokaci da bugu. Wanda bai iya karatun nan ba, jabu zai saya da tsada.
3. Binciki dokar ƙasarka tun kafin ciniki. Alƙali ba ruwansa da sha'awarka.
4. In ka gan shi a ƙasa, ja da baya, hana mutane zuwa, kira ƴan sandan kwance bam.

Abin da ba za ka yi ba

1. Kada ka kwance, kada ka huda, kada ka buga, kada ka kai shi kusa da wuta. Sinadarin ciki yana lalacewa da shekaru, wani har ƴar girgiza ta ishe shi tashi.
2. Kada rubutu ya ruɗe ka. Yana faɗa maka iri da shekara, ba ya faɗa maka ko da sauran rai.
3. Kada ka yi tono a fagen daga irin Verdun. Doka ta hana, kuma akwai harsasai masu iskar guba.
4. Kada ka kankare tsatsa da ƙarfe. Lamba ta tafi, daraja ta tafi.
5. Kada ka sa a jakar jirgi ko gidan waya. Kamu ne.
6. Kada ka miƙa wa ƴan gwangwan. A Arewa maso Gabashin Najeriya ragowar kayan yaƙi sun kashe masu tsintar ƙarfe, har da yara.

Duk wanda ba ka da takardarsa, ɗauke shi mai rai ne, ka bar shi inda yake.