Rashin Hannu da Zumuncin Wayar Salula

Gabatarwa

A ɗauka wani ɗalibi ne a Gammo, cikin ƙaramar hukumar Kabo, ya hau mangwaro ya faɗo, ƙashi ya karye a saman gwiwar hannunsa. Aka yi masa ɗori, aka jera karare aka tamke da tsumma. Da dare ya yi ta kuka, aka ce ya yi haƙuri, ɗori ne yake kamawa. Kwana uku sai yatsu suka yi baƙi. Kafin a kai shi asibiti a Kano hannun ya riga ya mutu, babu abin da ya rage wa likita sai yankewa domin a ceci ransa. Wannan misali ne kurum, amma likitocin ƙashi na ƙasar nan sun daɗe suna kokawa da irinsa. Wannan darasi zai duba abin da ke faruwa ga jikin irin wannan yaro, da kuma dalilin da ya sa yake bukatar jin muryar wanda ya riga shi shiga wannan hali, ko da kuwa ta waya ce.

Yadda ake rasa hannu

Akwai waɗanda aka haifa da hannu bai cika ba, ko yatsu ba su kai biyar ba. Wannan halitta ce tun daga ciki, ba laifin uwa ba ne. Sauran kuwa sukan rasa nasu ta hatsarin babur ko mota, ko belin injin niƙa, ko injin sussuka, ko wutar lantarki, ko saran kububuwa da aka yi jinkirin kai shi asibiti.

Ɗaurin da ya matse yana da bayani a kimiyyance. Idan ƙashi ya karye, naman da ke kewaye da shi yakan kumbura. In aka tamke wurin, kumburin ba shi da inda za shi, sai ya danne jijiyoyin jini. Tsokar da ba ta samun jini kuwa takan fara mutuwa cikin kimanin awa shida. Alamomin su ne ciwon da ke ta ƙaruwa, da zafi mai tsanani in an miƙar da yatsu, da mutuwar yatsun, da sanyinsu, da sauyin launinsu. Wanda ya ga haka ya sassauta ɗaurin nan take, ya garzaya asibiti.

Hannun da babu shi amma ana jin sa

Mafi yawan waɗanda aka yanke wa hannu suna ci gaba da jin hannun kamar yana nan. Wani ya ji ƙaiƙayi a tafin da babu shi, wani ya ji yatsunsa a dunƙule sun ƙi buɗewa. Fiye da rabinsu har ciwo suke ji a wurin. Likitan Faransa Ambroise Paré ya bayyana wannan tun ƙarni na 16, sannan a 1871 wani likitan Amurka, Silas Weir Mitchell, wanda ya yi jinyar sojojin yaƙin basasar ƙasarsu, ya raɗa masa sunan da za a iya fassarawa da fatalwar gaɓa.

Dalili shi ne, ƙwaƙwalwa tana da taswirar jiki, kowace gaɓa da gurbinta. Wuƙar likita ta cire hannu, amma ba ta taɓa gurbinsa a ƙwaƙwalwa ba. A wannan taswira gurbin hannu yana maƙwabtaka da na fuska. A farkon shekarun 1990 masanin ƙwaƙwalwa V. S. Ramachandran na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego ya lura cewa in an shafa kuncin wasu masu dungu, sai su ji kamar yatsun da suka rasa ake shafawa. Daga nan ya fito da dabarar madubi. Ana tsayar da madubi a gaban mutum ta yadda zai ga hoton lafiyayyen hannunsa a daidai inda ɗayan yake a da. In ya motsa mai lafiyar, ido ya shaida wa ƙwaƙwalwa cewa ɗayan ma ya motsa, wasu sai su ji yatsun nan sun saki, ciwo ya ragu. Ba kowa take yi wa aiki ba, kuma ya fi kyau a koye ta wurin likitan gashi.

Yanzu mai karatu ya duba halin yaron can na Gammo. Da wane baki zai gaya wa mutanen gida cewa hannun da aka binne yana masa ƙaiƙayi? Tsoronsa kada a ce aljanu ne, ko kansa ya taɓu. Sai ya yi shiru. Ranar da wani mai dungu ya ce masa shi ma haka yake ji, ranar zai sami barci.

Abin da likita ba zai koyar ba

Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka kafa a 1959, yana da sashen yin gaɓoɓin roba. To amma akwai tambayoyin da amsarsu ba ta asibiti. A ƙasar Hausa da dama ake cin abinci, da ita ake gaisawa, da ita ake bayarwa da karɓa. Wanda ya rasa dama yaya zai zauna a kwano ɗaya da sa'o'insa? Yaya mace za ta ɗaura zani, ta goya ɗa, ta tuƙa tuwo? Yaya ɗalibi zai koya wa hagu rubutu kafin jarrabawa? Yaya manomi zai gyara ƙotar fartanya ta dace da shi? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bahaushe ya daɗe da sanin haka, shi ya sa aka sami Sarkin Makafi da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu, kowane da jama'arsa da ke koya wa sabon shiga yadda ake rayuwa. Masu rashin hannu kuwa a warwatse suke, ɗaya a wannan ƙauye, ɗaya a wancan. Mutum yana iya shekara a Gammo bai san akwai irinsa a Garo ko Getso ba.

Zumunci daga nesa

An ce zumunci a ƙafa yake. Tun da wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, ya sami wata ƙafar. A Amurka ƙungiyar Amputee Coalition, wadda aka kafa a 1986, tana horar da waɗanda suka daɗe da rasa gaɓa domin su riƙa ziyartar sababbi. Da annobar korona ta hana taro a 2020, irin waɗannan haɗuwa da yawa suka koma ta bidiyo.

A wurinmu ba sai an jira manyan kaya ba. Saƙon murya na WhatsApp ba ya bukatar iya karatu, ba ya kuma wahalar da mai hannu ɗaya. Ɗan gajeren bidiyo ya isa ya nuna yadda ake ɓalla maɓallin riga. Matar aure tana iya magana da 'yar'uwarta ba ta bar ɗakinta ba. Inda babu intanet, kiran waya sau ɗaya a mako ya wadatar.

Sai dai a kiyaye abu uku. Na farko, asirin da aka faɗa ko hoton dungun da aka nuna amana ne, ba a yaɗa shi. Na biyu, ɗan'uwa ba likita ba ne. In dungu ya kumbura, ko yana ruwa, ko mutum ya fara cewa ya gaji da duniya, sai asibiti. Na uku, a yi hattara da masu tallar magani da masu karɓar kuɗi da alkawarin kawo hannun roba.

Aikin malami da ɗalibi

Dokar hana wariya ga naƙasassu, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta haramta nuna musu bambanci, ta kuma ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Malami shi ne zai fara sanar da ɗalibi wannan haƙƙi, ya ƙara masa lokacin rubutu, ya tsawata wa masu kiransa da sunan lalurarsa. In ya san wani babba mai irin halin, ya nemi izinin iyaye ya ara wa yaron wayarsa su gaisa.

Gwaji a aji

1. Ka tsayar da madubi a kan tebur, ka ɓoye hagunka a bayansa, ka dubi hoton damanka, ka motsa ta alhali hagu na nan shiru. Rubuta abin da ka ji.
2. Kawo alamomi huɗu da ke nuna ɗauri ya matse.
3. Ka wuni guda kana aiki da hannu ɗaya. Lissafa ayyukan da suka gagare ka, sannan ka faɗi wanda ya fi cancanta ka tambaya dabararsu.