Amsoshin Tambayoyinku: Wankin Shadda a Gida

Wannan saƙo daga Malam Sani ne a Funtuwa. Ya ce kuɗin wanki da guga sun fara yi masa yawa, ko akwai yadda zai wanke shaddarsa a gida ba ta koɗe ba?

To Malam Sani, akwai. Da farko dai, ruwan sanyi. A wanke shadda da ruwan sanyi da sabulu, kada ta kwana a jiƙe. In an ɗauraye, a juya bayanta a shanya a inuwa. A inuwa fa, Malam Sani, don rana ce ke cinye launi.

Sitaci kuwa, na rogo ya isa. A dama shi da ruwan sanyi kaɗan, a zuba tafasasshen ruwa ana juyawa har ya yi kauri kamar koko, sannan a sirka a tsoma rigar. Kada ya yi yawa, kar riga ta sandare kamar kwali. A goge ta tana da ɗan danshi. Ta Sallah kam, ni masu bugu nake kai wa, don dutsen guga ba ya fito da ƙyalli irin na bugu.