Fasa Kalmar Kafin Ka Haddace Ta

Wani ɗalibi daga Dogon Daji, mai shirin zana WAEC da JAMB, ya kawo mini kukansa: kullum bayan isha'i sai ya haddace kalmomin Turanci ashirin, gari na wayewa sun bi iska. Ɗana, ba ƙwaƙwalwarka ce da laifi ba. Kana ɗaukar kalma ne ɗungurungum, alhali fasa ta ake yi kamar gyaɗa.

Fara da abin da ka sani a makarantar allo. Wanda ya gane kataba ba ya shan wuya da kitab, katib da maktaba, don saiwarsu ɗaya. Turanci ma yana da irin wannan saiwa da ya aro daga Girkanci: graph, da ƙanwarta gram. Asalin ma'anarta karce abu, daga baya ta zama rubutu ko zane.

Tsofaffinmu sun daɗe da ita a baki ba tare da sun lura ba. Tangaraho daga telegraph ne, wato rubutu daga nesa, don tele nesa ce. Garmaho, wanda Emile Berliner ya yi wa rajista a Amurka a 1887, daga gramophone ne, sautin da aka rubuta a faifai. Hoto kuwa guntun photograph ne, zanen haske. Mun riƙe hasken, mun yar da zanen. Har bakin fensirinka, wani Bajamushe mai suna Werner ya raɗa masa graphite a 1789, saboda da shi ake rubutu.

To, ga aikin. Ware shafi guda a bayan littafinka, ka ja layi a tsakiya. Duk kalmar da ka ci karo da ita mai wannan saiwa, rubuta kanta a hagu, ma'anar kan a dama. Geo ƙasa ce, shi ya sa geography ya zama labarin ƙasa. Bio rayuwa, auto kai: biography tarihin wani ne da ka rubuta, autobiography naka ne da hannunka, autograph kuma sa hannu kawai. Masu tsara tambayoyi suna son jera ukun nan don su kayar da mai gaggawa. Calligraphy shi ne kyawun hannu irin na masu rubuta Alƙur'ani da tawadar gargajiya. Wadda ta fi burge ni ita ce paragraph: para gefe ne, don a da alama ce ake ja a gefen shafi a nuna an shiga wata magana.

Hattara da abu biyu. Kada ka ga kilogram ka ce rubutu. Nan awo ake nufi, kamar na buhun taki a kasuwar Tambuwal. Sannan ph ɗin nan f ake furta ta, haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Mu mutanen ƙasar Sakkwato da ke cewa hwara a maimakon fara, sai mun yi da gaske. Tsaya gaban madubi ka ce photograph sau goma. In leɓɓanka biyu suka haɗu, sake daga farko.