Jarina ya karye, ko banki zai sake yarda da ni?

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kore Mai Ruwa, ina sayen wake ina kaiwa Najeriya. Na ci bashin jika ɗari takwas a wata ma'aikatar ba da rance, sai aka rufe iyaka a 2023, naira kuma ta faɗi, jarina ya karye. Na biya rabi na tsaya. Yanzu Allah ya fara buɗa mini. Ƙanena da ke Amurka ya ce a can wanda ya karye yakan je kotu a yafe masa, bayan wani lokaci har katin bashi a ba shi. Ni ma zan samu haka, ko sunana ya ɓaci ke nan?

AMSA: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Sunanka bai ɓaci har abada ba, amma hanyar ƙanenka ba ita ce tamu ba. A Amurka kotu kan sauke wa mutum bashi, labarin karayar ya zauna cikin rajistarsa har shekara 10. Mu a Nijar dokar karayar kasuwa ta ƙungiyar OHADA muke bi, wadda aka sabunta a 2015, kuma an gina ta ne a kan yadda masu bin ɗan kasuwa bashi za su sami haƙƙinsu. Kai da ba a kai ka kotu ba, bashinka yana nan yana jiranka.

Batun kati ma ka sauke shi daga ranka. Yawancin katunan da ake gani a hannun mutane a Dogon Dutsi da Dosso na cire kuɗin da mutum ya ajiye ne, ko wanda ake zuba wa kuɗi kafin a yi aiki da shi. Irin wannan ba rance ba ne, samunsa ba wuya. Abin da kake nema na gaskiya shi ne a sake yarda a ba ka jari.

Tun 2016 ƙasashen ƙungiyar UEMOA, ciki har da Nijar, suna da rajistar masu cin bashi, wadda kamfanin Creditinfo ke riƙewa da izinin babban bankin BCEAO. Bankuna da manyan ma'aikatun rance suna aika mata labarin kowane bashi: nawa aka ci, nawa aka biya, wata nawa aka makara. Saboda haka sauya gari ba ya ɓoye mutum. Wanda ya bar bashi a Tibiri, ma'aikacin banki a Yamai zai iya ganinsa a kwamfuta. Amma rajistar nan tana rubuta biya kamar yadda take rubuta makara, kuma kana da haƙƙin neman ganin abin da aka rubuta a kanka, a gyara in akwai kuskure. In ka taɓa ba da cek ya dawo babu kuɗi, wannan rajista ce dabam, hanin ba da cek yakan kai shekara 5 sai fa in ka biya.

Abin da ya fi nauyi shi ne komawa inda ka ci bashin, da ƙafarka. Na san kunya ce ke hana mutum, har ya riƙa canza hanya ran kasuwa don kada ya bi ta ƙofar ofishin. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma su ma sun san abin da rufe iyaka ya yi wa 'yan kasuwar Arewa. Ka tafi da wani abu a hannu ko jika hamsin ne, da dattijon da suke ganin girmansa. Ka nemi a lissafa maka uwar kuɗi dabam, ruwa dabam, tarar makara dabam, ka roƙi sassauci a kan tarar. Ka nemi a ɗora biyan a kan kaka, lokacin da wake ke shigowa, kada ka yarda da wata-wata in ka san damina za ta kama ka hannu wofi. Duk abin da aka yanke a rubuta, kowane biya ka karɓi rasit ka adana. Ran da ka gama, kada ka fita sai da takardar shaidar cewa ba a bin ka ko dala.

Daga nan ka fara da ƙarami. Ka buɗe asusun ajiya, cinikinka ya riƙa ratsawa ta ciki, don banki da abin da ya gani a rubuce yake aiki. In akwai ƙungiyar manoma kusa da kai mai jinginar amfanin gona, ka shiga: ana zuba buhuna a sito, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurin ƙungiya ɗaya wurin mai ba da rance, a ba ka wani kaso na darajar kayan, ka biya idan farashi ya tashi. Buhunan ne ke tsaya maka, tsohon tarihinka bai cika tare hanya ba.

Ina roƙonka kada ka ci sabon bashi a wurin masu ba da kuɗi da ruwa na cikin gari don toshe tsohon. A 2014 an ƙayyade wa ƙananan ma'aikatun rance kashi 24 cikin ɗari a shekara, su kuwa waɗancan ba sa kula da wata iyaka, kuma ko ka biya su tsaf babu rajistar da za ta shaide ka. In ruwan ne ke damun zuciyarka, ka tambayi Bankin Musulunci na Nijar yadda tsarinsu na sayo kaya su sayar maka da riba yake, amma ka je da takardar gama biyan nan a aljihu, don su ma za su duba.