Dokokin Kare Mai Cin Bashi da Kasuwar Jinginar Gida: Nazari Daga Kumbotso

Jingina tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Manomi kan miƙa gonarsa ga mai kuɗi a gaban shaidu, mai kuɗin ya ci gaba da nomanta har ranar da aka fanshe ta. Jinginar banki ta sha bamban da wannan: gidan yana hannun mai shi, takardarsa ce ke hannun banki, biya kuma wata-wata ne na tsawon shekaru. Wannan maƙala ta dubi yadda ƙa'idojin bayar da bashi ke shafar masu bayar da irin wannan lamuni, tare da ɗaukar ƙaramar hukumar Kumbotso a matsayin misali, kasancewarta yankin da birnin Kano ke faɗaɗa zuwa cikinsa.

A shekarar 2019 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idojin kare masu hulɗa da bankuna. Sun wajabta wa mai ba da bashi ya bayyana kuɗin ruwa da sauran caji tun kafin a sa hannu, ya auna ƙarfin mai nema wajen biya, ya kuma guji cin zarafi wajen karɓar bashi. Kafin nan, dokar 2017 kan bayanan masu bashi ta ƙarfafa aikin kamfanonin da ke adana tarihin biyan kowa. A 2020 kuma aka soma tsarin da ya ba banki damar cire kuɗinsa daga asusun wanda ya ƙi biya, ko da asusun yana wani bankin ne. Manufar duka mai kyau ce. Amma da me ake auna ƙarfin biya? Da takardar albashi da bayanan asusu. Malamin makaranta a Panshekara ko ma'aikacin masana'anta a Chalawa yana da su. Manomin rani na Kura ko Bunkure, wanda ke noma shinkafa da tumatir da ruwan madatsar Tiga, yana iya fin su samu a shekara, sai dai kuɗinsa na zuwa ne a dunƙule bayan girbi, galibi hannu da hannu. A idon ƙa'ida, wannan mutum ba shi da abin nunawa.

Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, ya ƙara fito da wannan bambanci. Ma'aikaci na zuba kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa, ya samu damar karɓar lamuni a kan ruwa kashi 6, ya biya cikin shekaru har 30. A ƙarshen 2024 ma'aunin ruwa na Babban Banki ya kai kashi 27.5, don haka lamunin kasuwa ya fi ƙarfin mai matsakaicin samu. Asusun ne kusan ƙofa ɗaya tilo, ita kuwa an gina ta ne daidai tsayin mai albashi.

Su ma masu ba da lamunin ba su tsira ba. Ƙa'idojin 2011 sun ɗaga jarin bankin jinginar gida zuwa naira biliyan 5 ga na ƙasa baki ɗaya, da biliyan 2.5 ga na jiha guda. Ƙananan da yawa sun haɗe ko sun bar harkar. Waɗanda suka rage sun fi ƙarfi, amma hankalinsu ya fi karkata ga Legas da Abuja. Irin haka ta faru a Amurka bayan rikicin 2008: dokar Dodd-Frank ta 2010 ta tsaurara auna ƙarfin biya, lamunin ganganci ya ragu, masu sana'ar kansu kuma suka ƙara shan wahalar samu.

A ganina, abin da ya fi ɗaure kasuwar a Kumbotso ma ba dokar bashi ba ce, dokar ƙasa ce. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta shardanta amincewar gwamna kafin a jinginar da filin birni, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989 cewa jinginar da ba ta da wannan amincewa ɓatacciya ce. Gidaje masu tarin yawa a Sheka da Chiranchi da makamantansu a kan awon igiya suke, shaidarsu ita ce takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa. Unguwa ta yarda da ita, banki bai yarda ba. Rukunin gidaje irin na Danladi Nasidi a Mariri ne kaɗai ke kusa da cika sharaɗi.

Akwai kuma batun riba, wanda ke hana mutane da dama kusantar lamunin ko da sun cancanta. Bankin Jaiz, da ya fara aiki a 2012 da reshe a Kano, da ire-irensa suna bin hanyar ijara ko musharaka, inda banki ke sayen gidan, mai nema ya riƙa biyan haya yana mallakar kaso a hankali. Wannan ya warware matsalar akida, amma su ma ƙarƙashin Babban Banki suke, suna neman takardar albashi da shaidar mallaka kamar kowa. Saboda haka yawancin magidantan yankin adashi da kuɗin kaka suke ginawa da shi, ɗaki ɗaya bana, wani baɗi.